Chatsworth a watan Yuli: in kai Baba ko in bar shi ya huta?

Ɗan Kura

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman a wurin waɗanda suka daɗe a yankin Sheffield da Derbyshire.

In Allah ya kai mu tsakiyar Yuli za a yi bikin yaye mu, kuma bayan doguwar fama biza ta fito wa Baba da Inna. Kwana 12 za su yi. Inna ba ni da damuwa da ita, a kai ta kantuna kawai ta zaga, don har gobe tana ganin a kowane lungu na Ingila ake buga atamfa. Baba ne matsalata. Ya haura 70, kuma tun da ya buɗe ido noma ya sani: shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, a kan ruwan kanal da ke gangarowa daga madatsar ruwa ta Tiga. Sau ɗaya ya taɓa barin Najeriya, aikin Hajji, kuma da ya dawo, mutane suna tambayarsa dogayen benayen Makka, shi labarin gonakin dabinon Madina yake ba su. Gini ba ya burge shi ko kaɗan. Ga gwiwarsa ta hagu tana taɓa shi, in ya yi tafiya mai tsawo sai ta kumbura.

Wata Baturiya da muke ofis ɗaya da ita ta ce lallai in kai shi Chatsworth, wai tsohon gidan sarauta ne mai lambu da makeken fili, ba nisa da nan. Na duba hotuna. Abin da na gani gida ne babba, sai ciyawa, sai tumaki, sai wani ruwa da ke tashi sama. Shekara huɗu ina garin nan ban taɓa leƙawa ba, karatu bai bar ni ba, aljihu ma bai bar ni ba.

Tsorona kada in biya kuɗin mutum uku, mu sha tafiya, Baba ya dube ni ya ce, "Yanzu ciyawa ka ɗauko ni kallo?" Wanda ya san shi ya san zai faɗa, kuma a gaban Inna zai faɗa. To waɗanda suka je, wurin ya kai a je? Mai ciwon gwiwa zai iya? Ina ake sallah, kuma me ake ci? Ba ni da mota.

Sarkin Yawo

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a karatu, Dakta. Amma fa gaskiya ɗaya ce: mutum ya taso daga ƙauye ya keto hazo, sai ka sake kai shi ƙauye? Kai shi Landan. Ya tsaya a ƙofar fadar Buckingham a ɗauke shi hoto, ya ga katon agogon majalisa, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ko da tasha biyu ne, ya yi Juma'a a babban masallacin Regent's Park. Abin da za a tambaye shi ke nan a majalisa in ya koma. Ba wanda zai ce masa, "Alhaji, ka ga tumakin Ingila?" Ni na je Chatsworth ɗin sau ɗaya, ruwa ya ba mu kashi tun daga safe har yamma, muka ƙare a cikin mota muna cin burodi.

Maman Hanifa

Sarkin Yawo, kai dai ka faɗi laifin ruwan sama, ka bar lambu ya huta.

Ɗan Kura, ina taya ka murna, Allah ya kawo su lafiya. Ni a Chesterfield nake aikin jinya, shekara 9 ke nan, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida can nake kai shi, har maigidana yana tsokanata wai ko suna biya na kamasho. Da ka ce mahaifinka manomin rani ne sai na ce wannan ai shi aka yi wa wurin. Amma kada ka ce masa lambu za ku gani. Ce masa za ku je ganin yadda aka sarrafa ruwa.

Ga yadda abin yake. Gidan yana kwance a gindin tudu, kogin Derwent yana wucewa ta gabansa, bayansa kuma tudu ne mai daji. A can saman tudun aka haƙa tafkuna da ke tara ruwan sama da ke sauka daga jejin da ke sama, daga nan ruwan yake gangarowa da nauyinsa. Duk wani ruwa da za ka ga yana gudu ko yana tsartuwa a cikin lambun, babu inji ko ɗaya da ke tura shi. Wannan da ka gani a hoto yana tashi sama, a 1844 aka gama shi. Labari ya iso wa mai gidan cewa Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya zai zo Ingila, shi kuma ya taɓa ganin irin waɗannan ruwaye a fadar sarkin, sai ya ce a yi masa wanda ya fi. Aka haƙa sabon tafki mai faɗin eka 8 a kan tudu, sama da gidan da kamar mita 110, ana aiki har dare da fitilu, cikin wata shida aka kammala. An auna tashinsa ya kai mita 90. Sarkin ya zo Ingila, ya gama ziyararsa, ya koma gida bai taka Chatsworth ba. Har yau da sunansa ake kiran ruwan. Yawanci ba sa buɗe shi duka, don a yi tattalin tafkin, amma ko rabin ma sai ka ɗaga kai, in iska ta juyo kuma ka sha feshi. Ƙarfin ruwan nan suka yi amfani da shi suka fara ba gidan lantarki a 1893.

Sai matakalar ruwa, wadda ta fi wancan tsufa, tun wajen 1696. Matakai 24 ne na dutse daga saman tudu zuwa ƙasa, kowanne an sassaƙa shi daban domin ƙarar zubar ruwan ta bambanta. Hanifa a nan ta koyi tsoma ƙafa a ruwan sanyi tana ihu. Sai dai a 'yan shekarun nan an tsayar da ruwan saboda yoyon da ke cin ƙarƙashinta, ana shirin babban gyara, don haka ka duba shafinsu kafin ka yi wa tsoho alkawari. Abin da na san zai so shi ne wannan: ruwan da ya sauko daga matakalar ba ya tafiya a banza, yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya sake fitowa a wani wurin feshi a gefen gida, kafin ya ƙarasa kogi.

Maganar gwiwa. Lambun kansa eka 105 ne, kuma rabinsa hawa ne, kada ka ce za ku gama shi. Ɓangaren da ke kusa da gida shimfiɗe yake, akwai kujeru ko'ina. Suna ba da aron keken guragu, har da mai batir, amma sai ka nema tun kafin ranar. Na san tsofaffinmu, zai ce shi ba gurgu ba ne. Karɓo dai, ka ce na ɗora kaya ne, bayan awa biyu da kansa zai zauna. Kuma a ra'ayina ku sayi tikitin lambu kawai. Cikin gidan akwai matakala da yawa, ga cunkoso, ga zane-zane a rufi da gumakan farin dutse waɗanda yawancinsu ba su da sutura. Na taɓa shiga da surukata, tun daga ɗakin gumakan nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ni ce na zama ɗan jagora har ƙofar fita. Kai da Inna da Baba a ɗaki ɗaya a gaban waɗannan, ka san yadda za ta kaya.

Mota ba dole ba ce. Akwai bas mai lamba 218 daga Sheffield zuwa Bakewell da ke bi ta nan, ƙasa da awa ɗaya. Ka tabbatar da lokacin na ƙarshe. Ku je ranar aiki, kuma tunda tsakiyar Yuli ne kun yi sa'a, makarantu ba su tashi hutu ba sai wajen ƙarshen wata. Daga nan kuma wurin ya zama kasuwar yara.

Abinci ku tafi da naku, an yarda a shimfiɗa a ci a kan ciyawa. Ni dafa-duka nake yi da soyayyar kaza da shayi a fulas. Hura wuta ne ba a yarda ba, kada wani ya ba ka shawarar gashi. Sallah kuma ba ta da wuya a watan nan: azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, la'asar wajen biyar da rabi, magariba kuwa sai kusan tara da rabi, kun daɗe da komawa gida. Ku yi alwala a banɗaki, ku sami gindin bishiya, alƙibla kudu maso gabas. Ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Abu biyu kawai: duba ƙasa kafin ka shimfiɗa darduma in a filin waje ne, don tumaki sun riga ka, sannan akwai wata ciyawa mai ganye kamar zarto a bakin kogi da gefen shinge, ƙaiƙayinta kamar ƙarara. Baba zai so ya taɓa kowane ganye, ka hana shi wannan. Ka kuma gaya musu tun a gida cewa Turawa da karnukansu suke zuwa, a ɗaure dai, amma suna da yawa.

Rigar sanyi da lema dole, ko da gari ya waye da rana. Abin da suke kira lokacin zafi, ga wanda ya fito daga Kano, sanyin safiyar hunturu ne da yayyafi a kai.

Malam na Tudun Wada

Hajiya Maman Hanifa ta gama magana a kan ruwa. Ni zan ƙara abin da ido ba zai nuna maka ba sai an gaya maka.

Ka ce ka ga ciyawa da tumaki. Haka aka so ka gani. Wannan fili na waje, mai kusan eka 1,000, wanda za ka rantse haka Allah ya halicce shi, da hannu aka yi shi. A wajen 1760 mai gidan na lokacin, Duke na huɗu (Duke sarauta ce ta gado a Ingila), ya ɗauko wani mai tsara filaye da ake kira Lancelot Brown. Gonaki ne a wurin da shingaye, aka share su, aka gyara kwanciyar ƙasa, aka taɓa hanyar kogin, aka dasa bishiyoyi rukuni-rukuni a inda ido zai so ya gan su daga taga. Gadar dutsen da kowa ke ɗaukar hoto a kanta, an gina ta a daidai inda baƙo zai fara hango gidan a mafi kyawun fuskarsa. Tun kafin wannan ma, a 1702, da za a haƙa doguwar kududdufar da ruwan Sarkin Rasha ke tashi a cikinta yanzu, tudu guda aka kwashe don ya tare kallo.

Har ƙauye aka tayar. Sunansa Edensor, su suna furta shi Enza. Yana cikin abin da ake hangowa daga gidan, sai aka fara rushe wani sashe a zamanin Brown, aka ƙarasa tsakanin 1838 da 1842, aka sake gina shi a bayan tudu inda ba a ganinsa. Gidajen da aka gina musu masu kyau ne, ban musa ba, kowanne da fasalinsa. Amma ka tsaya ka yi tunani: a ce da kai ka kwashe iyalinka domin rufin ɗakinka yana ɓata wa wani kallon safe. Duk lokacin da na je sai wannan ya tsaya min a rai, kuma ba ya hana ni jin daɗin wurin, shi ne abin da ke ba ni haushi da kaina.

Wanda mahaifinka zai so labarinsa shi ne Joseph Paxton. Ɗan manomi ne, talaka. Duke na shida ya gan shi yana aiki a wani lambu a Landan, ya ba shi shugabancin lambun Chatsworth a 1826 yana da shekara 22. Shi da kansa ya ba da labarin ranarsa ta farko: ya iso ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ƙofa a rufe, ya haura katanga ya zaga lambun duka, ƙarfe shida ya raba wa ma'aikata aiki, wajen karin kumallo ya haɗu da wata 'yar dangin mai kula da gidan, kafin ƙarfe tara ya san ita zai aura. Ya kuwa aure ta. Shi ya yi ruwan da Hajiya ta faɗa. Shi ya gina ɗakin gilashi mai tsawon mita 84, wanda Sarauniya Victoria ta ratsa ta cikinsa a keken doki a 1843. Tukwane takwas ke ɗumama shi da kwal da ake shigarwa ta ramin ƙarƙashin ƙasa don kada manyan baƙi su ga baƙin aiki. Lokacin yaƙin duniya na farko ba kwal ba ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920. A kan harsashinsa aka dasa shingen ɓad-da-bami a 1962, wanda ake shiga a rasa hanyar fita. Kada ka shigar da mai ciwon gwiwa.

Sai ayaba. Irin da ke cike da kantunan Turai, wadda ake kira Cavendish, sunan zuriyar gidan nan take ɗauke da shi, domin Paxton ya raine ta a ɗakin gilashi a nan a shekarun 1830. Ta mamaye kasuwar duniya ne daga shekarun 1950, bayan wata cuta ta ƙasa ta kashe irin da ake fitarwa kafin ita. Ka gaya wa Alhaji ayaba ta yi suna a garin da ko a tukunya ba za ta rayu a waje ba.

Zuriyar nan tun 1549 suke riƙe da wurin. Dalili ɗaya ne: a al'adar sarakunansu babban ɗa namiji ke ɗauke ƙasa da gida da sarauta gaba ɗaya. Mu kuwa gonar kaka eka 40, zuwa jikoki sai ka ga kowa da ɗan fegi kamar tabarma.

Abu Safiyya

Malam, da girmanka, a nan ƙarshen zan ɗan ja. Kada mai karatu ya ɗauka nasu tsarin ya fi. Fili ya zauna a dunƙule, gaskiya ne, amma ina ƙanne, ina 'yan mata? Rabon gado da Allah ya tsara ya ba kowa haƙƙinsa, kuma wanda ke son abu ya dawwama an buɗe masa ƙofar waƙafi. Su ma ai can suka ƙare. Da Duke na goma ya rasu a 1950 gwamnati ta nemi harajin gado kashi 80 cikin 100. Sai da suka sayar da filaye, suka miƙa zane-zane da littattafai masu daraja, suka ba da wani gidan nasu sukutum, Hardwick Hall, kuma shekara 17 ana biya. Daga 1981 wata gidauniya ce ke riƙe da gidan da lambun, kuɗin tikitinka can yake shiga, shi kansa Duke haya yake biya a ɗakunan da yake kwana.

Ɗan Kura, ƙarin bayani: filin waje kyauta ne ga mai tafiya a ƙasa, lambu da gida ne na kuɗi. In aljihu ya yi nauyi ka iya zama bakin kogi ka kalli gidan daga nesa ba ka biya ko sisi ba.

Malam na Tudun Wada

Na karɓi gyara, Abu Safiyya. Dalili na faɗa, ban ce a kwaikwaya ba.

Ɗan Kura

Jama'a, na dawo da rahoto, don bai kamata ku ba ni shawara in yi shiru ba. Mun je ranar Talata. Sarkin Yawo, kwantar da hankalinka, Landan ma za mu je ranar Asabar, Inna ta riga ta zaɓi mayafin hoto.

Anti Maman Hanifa, Allah ya saka da alheri, kamar kin san Baba. Keken nan da na karɓo, ya dube shi ya dube ni ya ce ko a Safa da Marwa bai hau ba. Muka ɗora kular abinci. Har muka dawo kular ce a kai, bai zauna ba, sai dai ya riƙe shi yana turawa, wanda na lura ya zame masa sanda ba tare da ya amsa sunan sanda ba.

Tun a bas ya fara. Muna shiga filin, Inna tana ƙirga tumaki tana tambayar ina makiyayin, wa zai bar dukiya haka ba yaro ba kare, shi kuwa ya yi shiru yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Wannan wurin an taɓa noma shi." Na ce ya aka yi ya sani. Ya nuna min gefen wani tudu inda ciyawa ta yi layi-layi, tudu da kwari, kamar tsofaffin kunyoyi da aka bari. Ni shekara huɗu ina wuce irin wannan a jirgin ƙasa ban taɓa gani ba. Sai na ba shi labarin da Malam ya ba mu, na gonakin da aka share da ƙauyen da aka tayar. Ya tambaya ko an biya su. Na ce an gina musu sababbin gidaje. Ya ce, "Gida daban, gona daban." Bai ƙara ba.

Matakalar ruwa a bushe muka same ta, kamar yadda kika faɗa. Na ji ba daɗi, shi ko a jikinsa. Ya tsaya a gindinta ya daɗe yana kallon yadda aka jera duwatsun, ya sa na karanta masa allon bayani na fassara. Da na kai wurin shekarun, ya sa na maimaita. Ya ce ruwa ba ya barin bashi, ko shekara nawa ne sai ya nemi ƙofa, namu kanal ɗin da bai wuce shekara 50 ba ga kacala tana neman cinye shi. Daga nan muka gangara wurin ruwan Sarkin Rasha. Ya zaga neman ɗakin inji. Na ce babu. Ya ce in daina wasa. Na nuna masa dajin da ke saman tudu na ce tafkin yana can. Ya dubi tudun, ya dubi ruwan, ya sake duban tudun, sai ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun ina yaro, ya ce, "Ashe Tiga ce suka kafa a tsaye." Mun fi minti 40 a kan kujerar nan. Yana ta lissafin kadada nawa ruwan zai shayar in da a kwance aka sake shi, da irin kaurin bututun da zai iya ɗaukar wannan nauyi bai fashe ba. Da na ce masa sarkin da aka yi dominsa bai zo ba, Inna ta ce Allah ya isar wa ma'aikatan.

Abin da ba wanda ya ambata a cikinku, kuma shi ya fi cin lokacinmu, shi ne lambun kayan miya da ke sama da bargar dawakai. Hawa ne, mun yi shi a hankali da hutu uku. A nan Baba ya zama ɗan gida. Albasa, kabeji, latas, karas, wake iri-iri a kan sanduna. Ya ga tumatir a cikin ɗakin gilashi, an ɗaure kowanne da igiya, ko nuna bai fara ba a tsakiyar Yuli, ya ce wannan ba noma ba ne, reno ne. Akwai wata matashiya ma'aikaciyar wurin tana cire ciyawa a durƙushe, ya ce in gaishe ta in tambaye ta me suke zuba wa ƙasar, don ya ɗebo ya murza ya sansana ya ce ta ƙoshi. Ta ce takin da suke haɗawa da ganye da dattin lambu ne. Ta tambayi abin da yake nomawa. Sai ga ni a tsakiya ina tafinta, digirin nawa bai taɓa yin amfani irin na ranar ba. Ya ba ta labarin tsutsar sharon da ta cinye musu tumatir a 2016, yadda mutum zai kwana da gona kore ya tashi ta ƙone. Ita kuma ta ce babban abokin gabarta katantanwa ce marar ƙoƙo, mai fitowa da dare bayan ruwa. Na rasa sunanta da Hausa, sai da ta ɗaga wani katako ta nuna masa. Ya ce wannan ai agwagwa biyu sun gama da ita. Ta yi dariya ta ce agwagwar za ta haɗa da latas ɗin.

Ayabar ta gilashi muka leƙa ta. Bai ce komai ba sai, "Allah sarki, a kurkuku."

Azahar mun yi ta a ƙarƙashin wata katuwar bishiya bayan mun ci abinci. Baba ya ƙi yarda da alƙiblar waya da farko, don rana ba ta inda ya saba ganinta, sai da na zana masa taswira a bayan tikiti. Muna cikin raka'a ta biyu wani ƙaramin kare ya zo ya sansana dardumar Inna, mai shi ta janye shi tana ta ba da haƙuri cikin raɗa. Inna ta ce ko karen nan ya fi wasu mutane ladabi, amma da muka koma gida sai da ta wanke dardumar. Ruwa bai sauko ba sai muna jiran bas, shi ma yayyafi.

Gwiwar ta kumbura da dare, na sa masa ƙanƙara. Yana kwance ƙafa a kan matashi ya kira ƙaninsa a Kura, wai zai tambayi ko an gama dashen shinkafa, amma minti 20 yana bayanin tafki a kan dutse, Kawu yana cewa "ikon Allah" a inda ya dace. Fadar ma ko sau ɗaya bai ambace ta ba, alhali tagoginta ruwan zinare aka shafa musu.

Yanzu ga sabuwar rigima. Ya ce bai ga komai ba tunda bai ga tafkin da idonsa ba, yana so mu koma ranar Alhamis mu hau. Na duba taswira, hanyar ta cikin dajin bayan gida take, kuma a tsaye take. Anti, ko akwai wanda ya taɓa hawa da tsoho? Akwai hanyar da ta fi sauƙi, ko wadda mota za ta iya kai mutum kusa? In akwai mai mota a Chesterfield da ba ya aiki ranar, man a wuyana, Inna kuma ta zo da kilishi da yaji.